Ni Na Zuba Ruwan Kanwa Cikin Littafin Wake

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda jaridar nan ta faɗa hannunshi, ko ya karanta da kanshi ko a karanta mishi gindin icce. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da jiran kaka. Roƙo biyu gare ni kafin in fara. Na farko, kada a sa sunana, kada kuma a ba kowa takardar nan ya duba hannun rubutuna, don akwai mutum ɗaya a ƙasar Ƙonni da in ya gani zai gane ni, shi ya koya mini riƙon alli. Na biyu, ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni. In kun gama ji ku zaga, ba ni tsoron zagi, ni ma na iya. Amma ba shi na zo nema ba, shawara nake so.

Ni mace ce, na haura arba'in da nisa, maigidana ya rasu tun kafin shekarun fari. Suyar ƙosai nake yi bakin babbar hanya, a wani gari tsakanin Ƙonni da Malbaza. Ba zan faɗi garin ba, mu masu kasko a hanyar nan muna da yawa. Karatu ban same shi da ƙuruciya ba. Lokacin da anka zo ɗibar yara lakwal, makarantar boko ke nan, cikin rumbu ubana ya ɓoye ƙanena, ni kuwa mace, ba wanda ya ko tambaya. Sai da furfura ta fara fito mini anka buɗe karatun manya a garinmu, kowace la'asar ƙarƙashin rumfar kara. Na ɗauki allo na tafi. Mata sunka yi ta dariya, wai tsohuwa za ta ci alli. Na ce su yi dariyar, haƙoransu ne. Malaminmu yaro ne ɗan birni, Mushe muke ce mishi, mai haƙuri, ban taɓa jin ya ɗaga murya ga wata ba ko da ta juya harafi ƙafa sama. Ranar da na fara karanta rubutun da ke jikin wata kamiyo, babbar motar kaya, da kaina, ba wanda ya taimake ni, ƙosai ya ƙone cikin kasko ban sani ba. Ina faɗa maku wannan don kada wani ya ce ni maƙiyiyar karatu ce. Ba abin da na taɓa so kamar shi.

To amma mun iya karatu, sai babu abin karantawa. Littafi ɗaya ne, wanda munka koya da shi, mun bi shi gaba da baya har mun haddace. Rannan sai Mushe ya ce mana albishir. Wai wata ƙungiya daga ƙasar anasaru ta haɗa kai da buro, wato ofishin karatun manya. Wasu za su ba da takarda, wasu sun kawo injin bugu, wasu mota da mai, za a yi mana ƙananan littattafai da Hausa. Kuma ba maganar kowa za a sa ciki ba sai tamu, ta matan ƙauye, abin da munka sani na gida da gona. Mata sunka yi guɗa. Ni ban yi ba. Na ce, "Mushe, su mutanen nan, mi za su samu?" Ya ce, "Ba komi Inna, taimako ne." Na ce, "Mutum ya baro ƙasarsu, ya zo ya sha ranar Ƙonni, ya ƙone mai, ya ba da takarda kyauta, duk don ba komi? Kai uwarka ta taɓa ba baƙo tuwo shekara guda don ba komi?" Ya yi dariya ya ce ni dai ban yarda da kowa ba.

Gaskiya ya faɗa, amma ku tambaye ni dalili. Ina yarinya wani anasara ya zo garinmu da tafinta, fuska a sake, yana tambayar tsofaffi wane gero ke saurin nuna, nawa gida ke ci, ina ake ajiya. Sunka faɗa mishi da zuciya ɗaya, ya rubuta, ya yi godiya. Ba a daɗe ba anka zo da dogarai anka ce kowane gida ya zuba hatsi a rumbun hukuma, ko yana so ko ba ya so. Da idona na ga ubana yana auna geronshi ga wani. Sannan ga shekarun farin nan da munka fito jiya jiya. Motoci sun zo, an jera yaranmu masu kumburin ciki an ɗauke su hoto, an tambaye mu awaki nawa sunka mutu, an bar mana jar dawa wadda ko jaki sai ya yi tunani kafin ya ci. Wancan hoton, akwai wanda ya taɓa ganin an dawo da shi? Abin da na sani a rayuwata ke nan, duk abin da baƙo ya ɗauka a garinmu, tafiya yake yi, ba ya dawowa. Ku riƙe wannan, don nan ne na faɗi.

Mutanen ƙungiyar sunka zo da farar mota. Wata anasara ce, Madam, ta ɗaura kallabi a karkace, tana jin Hausa kaɗan kaɗan, sai wani ma'aikacin buro mai tabarau yana yi mata tafinta, Mushe kuwa yana riƙe da akwatin ɗaukar magana. An ce sun riga sun zaga Dogarawa da ƙauyukan Illela, ko'ina ana nuna masu matan da sunka san abu. A garinmu wata ta yi masu maganar goyon jinjiri, wata ta daddawa. Sai Madam ta tambaya yadda muke ajiye irin wake daga kaka har damana ƙwari ba su cinye ba. Mata duka sunka juyo sunka dube ni, don an san ni da wake, ko a tsakiyar fari irina bai mutu ba. Madam ta ce tana son ta ga tukunyar da idonta. Na kai su gidana, su uku, ba wata mace da ta biyo mu. Tun a hanya zuciyata ke tafasa. Iri? Daga fitowarmu fari, abin da za su tambaya iri? A lokacin kuma ana ta raɗe-raɗin za a kawo wani sabon iri na sayarwa. Na ce a raina, ga shi nan, yau su ji yadda muke ajiya, gobe su san inda muke ajiya, jibi a ce namu ba shi da kyau, mu kawo mu sayi nasu. Tukunyar gaske tana ɗaki bayan randa. Wata tsohuwar tukunya da ba komi ciki na fiddo masu.

Ga gaskiyar yadda ake yi, kuma don Allah mai shafi kada ka yanke wannan wurin ko da za ka yanke sauran. Ki zaɓi kwanson da ya cika tun wajen roro. Ki ɓare, ki shanya a rana mai zafi, ki sake shanyawa, har in kin ciza ƙwaya ta fashe da ƙara, ba ta lanƙwashe ba. Ki samo tokar kara wadda ta huce sarai, ki tankaɗe ta da rariya, ki cuɗa da waken har kowace ƙwaya ta yi fari. Ki zuba cikin busasshiyar tukunya, ki girgiza, ki cika bakin da toka zalla, ki kife murfi ki liƙe da laka, ki bar lakar ta bushe a inuwa. Shi ke nan. Ruwa ba ya kusantar waken nan, ko ɗigo, ko jiƙaƙƙen hannu.

Duk wannan na faɗa masu, akwati na juyawa, Madam na gyaɗa kai. Sai da na zo ƙarshe shaiɗan ya zauna mini a harshe. A'a, kada in ɗora wa shaiɗan, ni ce. Na ce, "Saura babban sirrin. Kafin ki rufe, ki jiƙa kanwa, ki yayyafa ruwan bisa waken har ya yi danshi, ki rufe nan take kada ya sha iska." Madam ta ɗago kai ta ce, "Ruwa?" Na dube ta ido cikin ido na ce, "Ruwa. Kanwa ce ke kashe ƙwan ƙwaro." Mai tabarau ya juya mata maganar, ta rubuta wani abu, ta kama hannuna da hannu biyu tana godiya. Mushe ya kashe akwatinshi, bai ga aibu ba. Ɗan birni ne, kuma namiji, ina ya taɓa leƙa tukunyar iri? Da motar ta tashi na zauna na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce su tafi ƙasarsu su jiƙa nasu, su buɗe su sha wari. Wallahi a ranar jin kaina nake kamar na tsare wa matan garinmu ƙofa. Ko sau ɗaya ban kawo a raina maganar za ta dawo ba. Littafi a wurina abu ne da manya ke rubutawa can nesa. Maganar mai ƙosai ta shiga littafi? Na ɗauka daɗin baki ne irin wanda ake yi mana kullum.

Damana ta wuce, wata ta zo, har na manta. Ana gab da roron wake sai ga Mushe da kwali a kai, yana murmushi kamar an yi mishi haihuwa. Ya raba mana littafi, kowa nata, sabo, yana ƙanshin takarda. Ba a sa sunan kowa ba, an dai ce daga bakin matan Ƙonni da Malbaza da Illela. Ya ce tunda ni na fi iya karatu, in tashi in karanta wa aji. Na buɗe. Ga hoton tukunya. Ga hoton rariya. Na juya shafi, ga hannun mace an zana yana yayyafa ruwa daga ƙoƙo. Na karanta da bakina, gaban mata, "ki rufe nan take kada ya sha iska." Ko kalma ɗaya ba su canja ba. Tsofaffin aji sunka fashe da dariya, wata ta ce, "Wannan wace mahaukaciya ce? A jiƙa iri?" Ba wadda ta kawo ni a rai, tunda an san garuruwa da yawa anka zaga. Na yi maza na ce kuskure ne wajen bugu, kada wadda ta kuskura. Wata yarinya ta ce, "To Inna, ko sabuwar dabara ce ta masu ilimi? Ai ba za su buga ƙarya ba." Na daka mata tsawa har ta sunkuyar da kai. Da anka tashi na tambayi Mushe a kaikaice, ina da ina littafin ya je. Ya ce, "Ko'ina Inna. Duk inda ke da aji." Ya tsaya yana kallona kamar zai ƙara magana, sai ya ɗauki kwalinshi ya tafi.

A nan ya kamata in ɗaure zane in bi ƙauyuka. A nan ya kamata in ce Mushe ya kai ni buro. Ban yi ba. Mi ya hana ni? Kunya, da tsoron kada a ce yaya anka yi shafin nan ya dame ni haka. Na lallashi kaina na ce ba macen da uwa ta rena da za ta jiƙa iri don takarda ta ce. Na manta yadda ni kaina nake ji in na ga abu a rubuce.

Ina da ɗiya ta fari, ba ni faɗin sunanta ko a gida balle a jarida. Tana aure a wani ƙauye wajen Bazaga. Ni na tura ta aji. Mijinta ya ƙi, na hau amalanke na tafi har gidan na zauna, na ce ba ni tashi sai an bar ta. Allona na ba ta. Yarinyar nan tun ba ta kai tsawon turmi ba take tankaɗe mini toka, ta san aikin kamar tafin hannunta. Da ruwan shuka ya sauka, ina cikin gayaunata, sai na hango ta tafe, ba goyo, ba kaya, ko takalmi babu. Ba ta gaishe ni ba. Ta kwance bakin mayafinta ta miƙo mini. Wani baƙin curi ne, ya yi fumfuna, yana wari kamar mushen kaza. Sai da na murza na gane wake ne.

Ta ba ni labari tana tsaye. Da kaka, da za a rufe iri, ta ɗauko littafin ta ce ga yadda ake yi yanzu. Uwar mijinta ta ce ba a gidanta ba. Sunka yi ta ja, har ɗiyata ta tsaya tsakar gida ta karanta shafin da ƙarfi, maza na saurare. Mijin, wanda da ba ya son karatun, ranar sai ya ji daɗi matarshi na karatu gaban ƙannenshi, ya ce wa uwarshi, "Ki bari a gwada na masu ilimi." Ba tukunya ɗaya sunka gwada ba. Duka irin gidan sunka jiƙa, har da wani jan wake da tsohuwar ta gada wurin uwarta, wanda ta hana a ci ko lokacin da suke cin ganye a shekarun fari. Da safen shuka, maza sun riga sun tafi gona da sungumi, anka fasa lakar. Ta ce tsohuwar ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna ƙasa ta dubi tukwanen, sannan ta ce, "To malama, karanta mana abin da za mu shuka."

Kun san abin da na yi? Faɗa na kama yi mata. Na ce, "Haka na koya miki? Ke ba ki da hankali? Wa ya taɓa jiƙa iri?" Ta ce, "Inna, ke kinka ce mini in riƙe littafi da kyau, wai mu abin da ke kanmu mantuwa yake yi, na takarda ba ya mantuwa. Ke kinka ce sun fi mu sani." Gaskiyarta, na faɗa. Sai ta ce, "An ce daga bakin mata anka ɗauko. Wace la'ananniya ce ta zauna ta faɗa masu wannan? Ba ta san wasu za su karanta ba? Allah ya isa tsakanina da ita, duniya da lahira." Ta tsaya tana kallona, tana jiran abin da uwa ke cewa in an cuci ɗiyarta. Jama'a, na ce amin. Da bakin nan nawa na ce amin.

Na raba irin da ya rage mini na ba ta, amma mi zai yi wa gida mai gandu? Sun shuka abin da sunka samu, rabin gonar ba wake. An hana ta aji. Littafin, mijin ya jefa a murhu. A gidan yanzu in ta yi magana sai wata ta ce, "A wane shafi yake?" Kuma ba ita kaɗai ba. Ni da ke zaune bakin hanya, labari na zo mini da zafinshi. Direbobi na cin ƙosaina suna ba ni labarin wani gida wajen Illela, wani bayan Dogarawa, duk yara mata sababbin karatu, duk tukunya ta ruɓe. Ban san yawansu ba, kuma ina tsoron in sani.

Abin da ke ƙona ni, yanzu ƙasar duka ta koma bisa maganata ta farko. A kasuwa, a bakin rijiya, a ƙofar masallaci, cewa ake anasaru da gangan sunka sa, don irinmu ya mutu mu sayi nasu. Har ana zuwa ana yaba mini, wai ni kaɗai na gane su tun ranar farko. Wata ta kawo mini shafukan littafinta ta ce in riƙa ƙunshe ƙosai, wai a nan ne kaɗai yake da amfani. Na karɓa na yi godiya. Ajinmu da ke cika rumfa, yanzu tabarma ɗaya ta ishe mu. An ce akwai littafi na biyu da sunka gama, na zawon yara, mata sun ce ko kyauta ba su taɓa shi, wanda ya kashe wake zai kashe ɗa.

Sai maganar Mushe. Na ji a buro shi anka ɗora wa laifin, mai tabarau ya ce Mushe ne ya kwafe maganar daga akwati, shi ya yi kuskure, ana ma batun a ɗauke shi. Yaron nan yana tsaye a tsakar gidana ranar. Ya ji da kunnenshi. Har yau bai ambaci sunana ga kowa ba. Kwanan baya ya zo sayen ƙosai, ya tsuguna gefen kasko ya ce, "Inna, bana wake ya yi wuya." Na ce, "Ya yi." Ya ce, "Naki irin dai ya tsira ko?" Na ce, "Ya tsira." Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da toka kaɗai ko?" Na ce, "Ƙosanka na hucewa, Mushe." Ya yi ɗan murmushi ya tashi. To ku faɗa mini, wannan mi ke nan? Kunyata yake ji don na yi sa'ar uwarshi? Ko jira yake in faɗa da bakina? Ko kuwa ajiye ni ya yi, sai ranar da Madam ta dawo ya kunna akwati gaban jama'a, muryata ta fito, ya wanke kanshi? Mutum ana shirin raba shi da aikinshi ya yi shiru haka kawai? Ni ban taɓa ganin irin wannan ba, shi ya sa ban san inda zan ajiye shi ba.

Su ma masu ƙungiyar ban wanke su ba, ko kusa. Madam da bakinta ta ce "Ruwa?" Ke nan ta ji wani abu bai zauna ba. Suna da mota, suna da mai, suna da inji, amma a rasa wanda zai tsaya ya tambayi tsohuwa ɗaya a Malbaza, shin ana jiƙa iri? Littafin da za a raba wa ƙasa guda, bisa bakin mace ɗaya? In da na ƙasarsu ne, haka za su buga ba su duba ba? Wani lokaci har ina cewa ko sun gane sunka bari. Sai kuma in ce wa kaina, ke dai neman abokin ɗaukar kaya kike yi, su yarda sunka yi da ke, ke kinka yi ƙarya. Kai ma mai shafi, kada ka ji haushi, na san takardar da kuke buga jaridar nan da ita daga hannunsu take fitowa. Na daɗe ina juya wasiƙar nan kafin in aiko, ina cewa ko buro za ta fara biyawa kafin ta kai gare ka. Na aiko dai, don ba ni da wani wurin.

Yanzu an ce Madam da mutanenta suna tafe kafin a gama roro. Za a tara malaman aji da wasu mata a Ƙonni, a bincika yadda anka yi, sannan su yanke ko a gyara shafin a sake bugawa, ko su naɗe injinsu su kai wata ƙasa. An sa ni cikin matan da za su je, wai don ba ni tsoron faɗin gaskiya. In na tashi na ce ni ce, Mushe ya tsira, wataƙila littafi ya tsira, mata su san ba takarda ta cuce su ba, mace ƴar'uwarsu ce. Amma kafin rana ta faɗi maganar ta kai Bazaga. Uwar mijin ɗiyata za ta ce uwa ta ƙulla, ɗiya ta zuba, wa zai yarda yarinyar ba ta sani ba? Zamanta a gidan da ma da ƙyar yake. In kuwa na yi shiru, an kori yaro da bai ci ba bai sha ba, rumfa ta rushe, ni kuma in ci gaba da karɓar yabo a bakin kasko. Kuma har yanzu akwai ƙauyukan da labari bai kai ba, littafin na nan cikin kwalla an adana shi kamar kayan aure, ga kaka ta zo.

Ba zagin kasuwa nake tsoro ba, na rantse. Fuska ɗaya nake tsoro. Ranar kasuwar da ta wuce ɗiyata ta aiko mai amalanken ƙauyensu da saƙo, ba a rubuce ba, ta daina rubutu. Ta ce uwar mijinta ta yarda bana in zo in rufe masu ɗan irin da sunka samu, tunda an san hannuna. Ta ce, "Ka faɗa wa Inna ta zo da kanta. Na bar yarda da littafi, na bar yarda da Mushe, na bar yarda da anasaru. Ita kaɗai ta rage mini da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Na riga na tankaɗe tokar, tana nan cikin ƙwarya bakin ƙofa. Hanyar Bazaga da hanyar taron Ƙonni duk daga bakin kaskona suke tashi. In faɗa mata kafin in liƙe tukunyar, ko bayan na liƙe, ko in bar ta da uwar da take zaton tana da ita? Ku da kunka karanta har nan, mata da maza, don girman Allah ku ba ni amsa kafin lakar ta bushe. Mi za ni yi?